YADDA BOLA TA SHIGA AJI

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta barinsu su saurara, da masu cewa su karatu ya fi shigarsu.

Ƙanwata ce ta tayar da zancen yau. Tana aji biyu na babbar sakandare. Ranar Laraba ta dawo daga makaranta, ko yunifom ba ta cire ba ta ɗauki buhu ta shiga zagaye gida tana tsince-tsince: murafan kwalba, matacciyar tocila, cajar da ta daina aiki, har da ƙarafan tsohuwar lema. Umma ta tsaya tana kallon ikon Allah, can ta ce, "Ke kuma yaushe kika koma jari-bola?" Ta ce malamin zane ne ya ba su aiki, kowa ya tara abubuwan da aka yar, ya harhaɗa su su zama abu ɗaya mai tsayuwa da kansa, kuma maki talatin ne a jarrabawa. Umma ta ce, "Duk kuɗin makarantar nan da ake biya, ashe bola za a tura ku."

Na yi dariya, amma dariyar wanda abin ya taɓa ritsawa da shi ce. Mu ma an ba mu wannan aikin muna aji biyu. Ranar da malaminmu ya faɗa, a bayan aji muka yanke hukunci cewa kuɗin fenti ya cinye, shi ya sa yake tura mu juji. Allah ya yafe mana. Ya zo da wani tsohon littafi da bangonsa ya cire, ya nuna mana hoton wani abu kamar kan bijimi. Da muka duba da kyau, ashe sirdin keke ne, ƙahonnin kuma kan keken ne da ake riƙewa. Ya ce wani Picasso ne ya yi shi a 1942, kuma yana gidan adana kayan tarihi a Faransa. Wani a cikinmu ya ce, "Malam, ashe mai facin ƙofar makaranta attajiri ne bai sani ba." Aji ya tuntsire.

Ni kuma da na koma gida idona ya faɗa kan rediyon Baba. Ya fi shekara biyu a saman kwaba ba ya magana, kullum Baba na cewa zai kai shi gyara. Na jira ya fita masallaci, na sauko da shi, na sa sukundireba. Zan dawo kan abin da ya biyo baya. Yanzu dai tambayar Umma nake so mu bi: wa ya fara tura ɗalibai bola, kuma me ya sa?

Turawa suna kiran wannan fasahar asambilaj. Kalmar Faransanci ce, ma'anarta harhaɗawa. Shekaru aru-aru, idan Bature ya ce zai yi aikin sassaƙa, ɗayan biyu yake nufi. Ko dai ya samu dutse ko gungume ya yi ta ragewa har siffa ta fito, ko ya gina siffar da yumɓu sannan a zuba ta da narkakkiyar tagulla. A duka biyun, kayan aikin ba su da wata rayuwa kafin su zo hannunsa. Harhaɗawa hanya ce ta uku. Za ka ɗauko abin da ya riga ya zama wani abu, wanda wani ya saya, ya mora, ya gaji da shi ya yar, ka haɗa shi da wani, kuma ba ka ɓoye asalinsa. Sirdin yana nan a sirdinsa, amma kana ganin bijimi. Idan sirdin ya ɓace gaba ɗaya, aikin ya lalace.

A birnin Faris aka fara, shekarar 1912. Pablo Picasso ɗan Sifaniya ne amma a can yake zaune, lokacin yana da shekara talatin. A farkon shekarar ya yi wani ƙaramin zane mai siffar ƙwai. Maimakon ya zana saƙar kujera da burushi, sai ya samo wani ƙyalle mai santsi irin na shimfiɗa tebur, wanda aka buga wa hoton saƙar kujera tun daga masana'anta, ya manna shi, ya zagaye bakin zanen da igiya ta gaske. Kafin shekarar ta ƙare kuma ya yi jita da kwali da zare da waya. Ba ta kiɗa ba ce, ta ratayewa a bango ce. A 1914 ya sake yin ta da fallen ƙarfe.

Akwai wani abu a jikin jitar nan da nake so ku riƙe. Kun san ramin da ke cikin jita, inda sauti ke fita. Shi Picasso bai yi rami ba, bututu ya sa ya turo waje. Ina ya samo wannan dabarar? A wannan shekarar ya je Marseille, garin da jiragen ruwa daga Afirka ke sauke kaya, ya sayi wata fuskar katako irin wadda ake sawa a bukukuwan gargajiya, ta mutanen Grebo da ke yankin Laberiya da Kwaddibuwa. Fuskar shafaffen allo ce, idanunta kuma gungumomi ne zagayayyu da suka turo waje. Wato masassaƙin ya nuna abin da ya lotsa ciki da abin da ya fito waje. Picasso ya gani, ya ɗauka. Yau duk littafin tarihin zane da ka buɗe akwai sunan Picasso da ranar haihuwarsa. Masassaƙin Grebo kuwa ba wanda ya damu ya rubuta sunansa lokacin da ake sayen aikinsa. Wannan yana ci min rai, amma mu ci gaba.

Shekara guda bayan nan, wani Bafaranshe, Marcel Duchamp, ana furta sunan Dushan, ya kafa ƙafar keke a kan kujerar zama ta kicin yana juya ta don nishaɗi. A 1917 a New York ya aika kaskon fitsari irin na bayan gidan maza zuwa wani baje kolin zane da ya yi alkawarin karɓar aikin duk wanda ya biya kuɗin shiga. Suka ƙi nunawa. Har yau ana gardama a kansa. Ni dai ba zan daɗe a nan ba, don shi tsokana ya zo yi, ba koyarwa ba.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Kurt Schwitters, mutumin garin Hannover a Jamus. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ƙasarsu ta zama kufai, shi kuma ya shiga yawo a titi kansa a ƙasa, yana cika aljihu da tikitin mota da aka yar, da gutsuren jarida, da maɓalli, da guntun katako. Ya sa wa aikinsa suna Merz, kuma sunan ma tsintacce ne: gutsuren tallar wani banki ne da ya yaga, haruffa huɗu suka rage daga kalmar kasuwanci ta Jamusanci. Daga baya ya fara harhaɗa tarkace a cikin gidansu, abin ya yi ta girma yana cin ɗaki bayan ɗaki, sama da shekara goma. A 1937 gwamnatin Hitler ta sa ayyukansa cikin abin da ta kira lalatacciyar fasaha, shi kuma ya tsere Norway. A 1943 bam ɗin jiragen yaƙi ya faɗa kan gidan. Hotuna kaɗan kawai suka rage. Ya rasu a Ingila a 1948, yana cikin fara wani sabo a wani rumbun gona.

To amma duk waɗannan masu fasaha ne a ɗakunan aikinsu. Ba su amsa tambayar Umma ba. Wanda ya kai bola aji, sai mun je wani gari a Jamus da ake kira Weimar.

A 1919 wani mai zanen gine-gine, Walter Gropius, ya buɗe makarantar fasaha a can mai suna Bauhaus. Dokarta ita ce, kafin ka zaɓi saƙa ko kafinta ko ƙira, sai ka yi wata shida a ajin share fage. Malamin ajin na farko shi ne Johannes Itten, ɗan Suwizalan. Ku lura da wannan: asalinsa malamin firamare ne. Ya san yadda yaro ke koyo da hannu kafin ya koya da ka. Sai ya riƙa sa ɗalibai su kwaso katako, gilashi, waya, gashin tsuntsu, fata, duk abin da suka samu, su rufe ido su shafa, su jera mai kaushi kusa da mai santsi, mai nauyi kusa da marar nauyi, sannan su gina wani abu da su. Akwai hikima a ciki, amma akwai talauci ma. Jamus ta sha kashi a yaƙi, ana bin ta bashin diyya, kuɗinta na ta faɗuwa har ta kai a Nuwamban 1923 dala ɗaya ta zama mak tiriliyan 4.2. Ɗalibin da abinci ke gagararsa, ina zai ga kuɗin fenti?

A 1920 wani sabon ɗalibi ya shigo, ya girmi yawancin 'yan ajin, shekararsa 32. Sunansa Josef Albers. Shi ma tsohon malamin makaranta ne, ya yi shekaru yana koyar da yara a yankinsu kafin ya ajiye alli ya dawo benci. Gilashi yake so ya yi aiki da shi, irin mai launi da ake sa wa tagogi, amma ba shi da ko sisi. Sai ya rataya jaka a baya, ya ɗauki guduma, ya nufi jujin garin. Yana fasa kwalabe, yana zaɓar gindin kwalba kore, da ruwan ƙasa, da shuɗi, ya dawo ya ɗaure su da waya a jikin raga ko fallen gwangwani da ya huda, ya kafa a taga haske ya ratsa.

Malamai ba su ji daɗi ba. Sun ce ya tafi sashen fentin bango, ya ƙi. Aka gargaɗe shi cewa in bai bi tsari ba, zamansa ya ƙare. Ƙarshen zango ya rataye fasassun kwalabensa a wurin nuna aiki, yana jiran takardar kora. Takarda ta zo. Ta ce ya ci gaba da karatu, kuma ana so ya kafa wa makarantar sashen aikin gilashi. A 1923, da Itten ya bar makarantar, Albers na cikin waɗanda aka miƙa wa ajin share fagen. Mai tsintar kwalba ya zama malamin aji.

Wani ɗalibinsa, Hannes Beckmann, ya ba da labarin ranarsu ta farko, lokacin makarantar ta koma garin Dessau. Albers ya shigo da damin tsofaffin jaridu ya raba musu. Ya gaya musu cewa su talakawa ne, ba su da kayan ɓarnatarwa, ba su da lokacin ɓatawa. Ya ce kowa ya mai da jaridar ta fi yadda take yanzu, ya mutunta ta, in da hali kada a sa almakashi ko gam. Ya fice abinsa. Bayan wasu sa'o'i ya dawo, ya tarar an yi jiragen ruwa, da dabbobi, da gidajen sarauta. Ya ce duk wasan 'yan raino ne, da wani abu aka yi su ba takarda ba da sun fi kyau. Sai ya ɗauko na wani saurayi ɗan Hungary da bai yi komai ba illa ninka jaridar a tsaye ta tsaya kamar fuka-fuki. Ya ce wannan ne ya gane takarda. Abu ne mai laushi da ba ya iya tsayuwa, ninki ɗaya ya ba shi ƙashin baya, kuma a kwance fuska ɗaya kake gani, a tsaye kana ganin duka biyun.

Na daɗe ina tunanin wannan labarin, don abin da malaminmu ya yi ta fama ya fahimtar da mu ke nan muka kasa ji. Mu duk 'yan motar gwangwani ne. Mun tashi muna yanka tsohon silifas mu yi taya, muna yin motar kara, muna lanƙwasa waya. Ƙwarewar hannu kam muna da ita, wallahi wasu yaran unguwarmu sun fi ɗaliban Bauhaus ɗin iya ɗaurin waya. Amma mai motar gwangwani so yake gwangwanin ya ɓace, a ga mota. Shi kuwa wannan aikin tambayarsa daban: shi gwangwanin, me zai iya wanda wani abu ba zai iya ba? Tsatsarsa, da rubutun jikinsa, da lotsawar da ya yi, duk kayan aiki ne.

A 1933 'yan Nazi suka matsa wa Bauhaus lamba har ta rufe. Matar Albers, Anni, masaƙiya ce kuma zuriyar Yahudawa, zama ya gagara. A ƙarshen shekarar suka sauka Amurka, a wata ƙaramar sabuwar kwaleji a cikin duwatsun jihar North Carolina, sunanta Black Mountain. Albers ko Turancin kirki ba ya ji. Da aka tambaye shi me ya zo koyarwa, ya haɗa 'yan kalmomin da ya sani ya ce buɗe idanu ya zo yi. Nan ma ba kuɗi. Ɗalibai na noma, suna gini da hannunsu, aikin aji kuma da busasshen ganye da ɓawon itace da kwali ake yi. Ita Anni da wani ɗalibi har sarƙar wuya suka yi da wasar ƙarfe, da fil ɗin gashi, da matacin bakin kwatami.

Ɗalibai biyu nake so mu bi daga nan. Na farko Robert Rauschenberg, ya zo a 1948. Ba su jitu da Albers ba ko kaɗan, malamin na ganin yaron ba shi da natsuwa, amma daga baya Rauschenberg ya riƙa cewa shi ne malami mafi muhimmanci a rayuwarsa. Ya koma New York yana kwasar kayan titi. Aikinsa da ya fi suna busasshen bunsuru ne da ya saya a shagon gwanjo, ya zura masa tayar mota a ciki. Yana gidan tarihi a Sweden yanzu. A wannan tsakanin ne abin ya samu suna. Wani Bafaranshe, Jean Dubuffet, ya fara kiran wasu ayyukansa asambilaj a 1953, sannan a 1961 babban gidan fasahar zamani na New York ya shirya baje koli da wannan sunan, ayyuka kusan 250. Daga nan kalmar ta shiga littattafai.

Ta biyun ita ce ta fi shafar ƙanwata. Sunanta Ruth Asawa. An haife ta a California a 1926, iyayenta manoman kayan lambu ne da suka yi hijira daga Japan. A 1942, bayan Japan ta kai wa Amurka hari, gwamnati ta kwashe mutane kimanin 120,000 masu asalin Japan ta tsare a sansanoni, yawancinsu haifaffun ƙasar. Ruth na da shekara 16. An riga an kama mahaifinta, ita da sauran iyali aka kai su filin sukuwa na Santa Anita, aka ba su garken doki a matsayin ɗaki. A cikin tsararrun akwai masu zanen katun da suka yi aiki a kamfanin Disney, su suka riƙa koya wa yara zane. Daga nan aka mai da su wani sansani a Arkansas, a can ta gama sakandare a bayan waya mai ƙaya.

Burinta ta zama malamar zane. Ta samu shiga kwalejin horar da malamai a Milwaukee, ta yi shekara uku. Da lokacin gwajin koyarwa ya zo, aka ce ba makarantar da za ta karɓi mai fuskar Japan. Ba gwaji, ba shaida. Haka ta bar kwalejin hannu rabbana a 1946, ta tafi Black Mountain, ta faɗa hannun Albers. Shekara uku ta yi tare da shi. A wata tafiya da ta yi Meziko a 1947 ta ga yadda ake saƙa kwandon ƙwai da waya, ta koya, kuma da wannan saƙar ta yi suna: manyan siffofi na waya da ake ratayewa daga rufi, wani a cikin wani, inuwarsu na faɗuwa a bango.

Ta yi aure a San Francisco, ta raini 'ya'ya shida. Ta ga abin da ake kira darasin zane a makarantar gwamnatin da yaranta ke zuwa: a raba takarda mai hoto, kowa ya cika da kala. Abin ya ƙona mata rai. A 1968 ita da wata ƙawarta, Sally Woodbridge, da wasu iyaye, suka fara shiga makarantar firamare ta Alvarado suna koyarwa. Jarinsu dala 50. Kayan aikinsu kwalin madara, kwalin ƙwai, ragowar zare da ƙyalle, da wani yumɓu da take kwaɓawa da fulawa da gishiri da ruwa. Shirin ya bazu zuwa makarantun gwamnati kusan hamsin a birnin. A 1976 tana cikin waɗanda suka taimaka aka kafa wata ma'ajiya mai suna SCRAP, inda masana'antu da shaguna ke kai ragowar kayan da za su zubar, malamai su zo su ɗiba wa ɗalibansu. A 1982 fafutukarta ta kai ga buɗe sakandaren gwamnati ta fasaha a birnin, wadda aka sa wa sunanta a 2010, shekara uku kafin rasuwarta. Ita kuwa jami'ar da ta gaji waccan kwalejin ta Milwaukee, sai a 1998 ta miƙa mata digirinta.

Kun ga jerin. Malamin firamare, tsohon malamin makaranta da ba shi da kuɗin gilashi, sai yarinyar da aka hana zama malama. Ba wani attajiri a cikinsu.

Mu dawo kusa da gida, don kada wani ya ce abin na Turawa ne. El Anatsui ɗan Gana ne, an haife shi a 1944, ya yi karatu a Kumasi, kuma a 1975 ya zo Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, inda ya koyar da sassaƙa. Shi ma malami. A ƙarshen shekarun 1990 ya tsinci buhun murafan kwalaben barasa da aka yar a jeji. Ya ajiye su watanni bai san me zai yi da su ba. Daga baya ya fara daddaƙe su, yana hudawa, yana ɗinke su da wayar tagulla, har suka zama wasu manyan shimfiɗu masu walƙiya da ke lanƙwasa kamar zane, wasu sun isa su rufe fuskar bene. Samarin garin da yawa ke taya shi ɗinkin. Ya yi aiki da murafan gwangwanin madarar Peak, ya yi da tsofaffin magogin rogo. Kuma ba don murafan suna da sheƙi kawai ya zaɓe su ba. Ya sha faɗa cewa barasa na cikin hajar da Turawa suka shigo da ita gaɓar tekun Afirka ta Yamma, har ana musayarta da bayi. Wato murfin na ɗauke da labarinsa tun kafin a huda shi. A 2015 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin Venice, a 2023 kuma ya cika babban zauren gidan fasaha na Tate Modern a Landan.

Na kawo shi ne kuma saboda wani dalili. A gidaje da yawa irin namu, da an ji kalmar sassaƙa sai gaba ya faɗi, ana tunanin mutum-mutumi. Malaminmu ya san da haka, tun ranar farko ya ce ba wanda aka tilasta wa yin siffar mai rai. Shimfiɗun ƙarfen Anatsui da duniya ke layi don gani, babu fuska a jikinsu, babu ido.

To, rediyon Baba.

Gari na gina da shi a kan wani guntun allo. Faifan cikinsa mai layi-layin tagulla ya zama tituna, ƙananan gwangwanayen jikinsa suka zama tankunan ruwa, eriya ta zama hasumiya, lasifikar kuma na kifa ta a tsakiya kamar rumfar kasuwa. Da wayar ɗauri da ƙananan ƙusoshi na kafe su, don gam ya ƙi riƙe ƙarfe. Sau biyu abin yana kifewa saboda nauyi ya taru gefe guda, sai da na sa mayen ƙarfen lasifikar a ƙasa ya zauna. Na so in shafe komai da baƙin fenti ya yi kyau. Malam ya ce in shafa, amma in bar gilashin gaba mai lambobin mita, da maɓallin murɗawa, yadda suke.

Kwana biyu da fara aikin, Baba ya miƙa hannu saman kwaba ya ji ƙwarya ba nauyi. Ya kira ni.

"Kai ka taɓa min rediyo?"

Na ce ni ne, aikin makaranta aka ba mu.

"Wa ya ba ka?"

Na ce, "Baba, ai na ga ya mutu ne."

Ya dube ni ya ce, "Ni na ce maka ya mutu?"

Bai dake ni ba. Da ma ya daka. Mako guda in na gaishe shi sai ya amsa a taƙaice ya kau da kai. Umma ce ta gaya min da albashinsa na farko ya saye shi, tun kafin ya aure ta.

Ranar ba da kyaututtuka aka jera ayyukanmu a baranda. Ban zaci zai zo ba, sai ga shi. Ya wuce na kowa ya tsaya a gaban nawa, ya sunkuya yana duban gilashin. Akwai wani ɗan ƙarce a jiki da ni na ɗauka tsufa ne. Ashe shi ya yi shi da ƙusa, daidai inda yake kama tashar da yake ji da asuba, don kada ya yi ta lalube a duhu. Ya sa yatsa biyu ya murɗa maɓallin. Zaren ciki ban tsinka shi ba, allurar ta motsa, ta tafi a hankali har ta tsaya a kan ƙarcen. Ya daɗe a tsaye. Sai da muka kama hanyar gida ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Da shi na ji rasuwar Malam Aminu Kano."

Maki 22 na samu. Malam ya ce hasumiyar ta karkace, kuma gaskiyarsa ne. Baba bai taɓa cewa aikin ya yi kyau ba, amma da aka ba mu kayanmu ƙarshen zango, shi ya ce a ɗora shi saman kwaba.

Jiya da dare ƙanwata ta shigo ɗakina, ta ce, "Yaya, tsohuwar Nokia ɗin nan da ke cikin durowarka, ai ba ta yi ko?" Wayata ta farko ce, saƙonnin cikinta ma ban san ko suna nan ba. Na ce ta ba ni kwana biyu in yi shawara. Ranar Litinin za su miƙa aikin.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.